Injin da Kawu Ya Bari a Buɗe

Ranar da aka kafa rumfar makoki a ƙofar gidan Kawu a Romi, mutane iri biyu ne suka cika kujerun roba. Akwai 'yan cocinmu, mata da ɗankwalin zumunta, maza da Littafi Mai Tsarki a hammata. Akwai kuma mutanen titi: direbobin bas, masu keke, da kanikawa waɗanda baƙin mai ya riga ya zauna a ƙarƙashin farcensu. Kowane ɓangare ya ja kujerunsa gefe guda. Ana gaisawa, amma sama-sama.

Matar Kawu, wadda dukanmu muke ce wa Mama, tana ɗaki zaune a kan tabarma, ta jingina da bango. Matan zumunta sun kewaye ta suna waƙa ƙasa-ƙasa. Duk wanda ya durƙusa ya ce, "Sannu da rashi, Ubangiji ya ta'azantar da ku," sai ta ce amin ba tare da ta dube shi ba. Ba ta yi kuka ba, wannan kuwa ya fi kukan ba ni tsoro.

Wanda ya yi kukan da ya tsayar da waƙa wani direba ne mutumin Filato, ƙato, mai jigila tsakanin Sabon Tasha da cikin gari. Shekara da shekaru bai taɓa kawo motarsa garejin Kawu sun rabu ba su yi cacar baki ba. Ya zo ya tsuguna a bakin ƙofa, ya rufe fuska da hularsa.

"Baba, ka cuce ni," yake cewa. "Da wa zan yi faɗa yanzu? Wa zai gaya mini gaskiya ya haɗa da zagi?"

Wani kuma ya sauko daga keke da fara'arsa, ma'aikacin wani kamfani ne a Kudenda. Ya je gareji ya tarar a rufe, aka kwatanta masa gida. Da ya ga rumfa sai fara'ar ta ɓace. Ya zauna, can ya matsa kusa da babban ɗan Kawu, bakanike shi ma, wanda nake kira Yaya, ya ce a hankali, "Ka yi haƙuri, na san ba lokacinsa ba ne. Motata fa?" Yaya ya ce, "Tana nan. Ba abin da zai same ta." Kunya ta kama mutumin har ya ɗauki tire ya shiga raba ruwa.

Ni ma ina cikin rabon ruwan sai na ji rumfar ta yi tsit. Ma'ajin cocinmu ne ya shigo, tsohon ma'aikacin gwamnati, dattijo mai tsafta, kuma shi ne mahaifin matar Yaya. Wato surukin Kawu ne. Wani bakanike ya miƙe ya juya kujerarsa ya ba shi baya. Wani daga can ƙarshe ya ce, yadda kowa zai ji, "Masu bas sun iso." Na dubi Yaya, na ga ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Kafin a gane abin da ya sa shigowar dattijo ɗaya ta kashe bakin taro, sai na koma baya. Dama ina so in rubuta Kawu, don na ga yadda ake manta irinsu: a sayar da filin gareji, a gina shaguna, shi ke nan an shafe mutum.

Kawu wan mahaifiyata ne. Da mahaifina ya rasu ina ƙarama, mahaifiyata ta koma ƙauye, shi kuma ya ɗauko ni don in yi makaranta. Da farko a masaƙa yake aiki, yana gyaran injina. Da masaƙu suka rufe, abokansa da yawa suka koma gida noma, shi ya ɗauki akwatin sifanunsa ya kama hayar wani fili a hanyar Kudenda, ƙarƙashin mangwaro. Nan ya tsufa. Kowace safiya kafin ya taɓa mota sai ya ɗora tafin hannu a kan bonet ya yi gajeriyar addu'a. In injin yana ƙara, sai ya ɗauki doguwar sukundireba ya kafa bakinta a jikin ƙarfe, ya kara ƙotar a kunne, ya rufe ido. A lokacin ko Fasto ne ya yi sallama ba zai amsa ba. In ya canza wani abu a mota, sai ya zuba tsohon a leda ya miƙa wa mai ita ya ce, "Ga gawarka, tafi da ita gida."

Ba mutum ne mai sauƙi ba, kada in yi masa ƙarya don ya mutu. Yana da faɗa, kuma in ya kafe a kan magana ba mai ɗaga shi. Mafi yawan faɗansa a kan kuɗin aiki ne. Kanikawa da yawa sukan faɗi kuɗin hannu kaɗan don mai mota ya ji daɗi, sai su ɗora ribarsu a kan kayan da za su sayo. Kawu ba ya haka. Yakan ce wa mai mota ya bi Yaya kasuwa ya ga farashin kaya da idonsa, ko ya je shi kaɗai ya sayo. Sa'an nan ya faɗi kuɗin hannunsa a fili, a dunƙule. Jin sa a dunƙule kuwa yakan sa mutum ya zabura.

"Haba Baba, wancan na bakin gada rabin wannan yake karɓa!"

"To kai masa. Ka tambaye shi nawa ya sayo maka filogi."

Ya sha gaya mana cewa ya gwammace a zage shi a kan kuɗin da aka gani da a gode masa a kan wanda ya ɓoye. Maganar tana da daɗin ji, amma mu da ke gida mun san abin da take jawowa. Da yamma in ya tura ƙofa, fuskarsa muke fara karantawa. Wata rana an gama mota, mai ita ya yi fushi ya tafi bai biya ba, motar tana zaune a gareji, tukunyarmu kuma tana zaune a kan murhu ba kifi. Mama ba ta taɓa ce masa ya yi yadda sauran suke yi ba. Sai dai ta ƙara wa miya ruwa.

Ina sakandare aka yi abin da ya canza shi. Wata mata mutuniyar Binuwai, ma'aikaciyar ofis, ta kawo motarta ba ta shiga giya. Ya saurara, ya ce kuloci ne, ya faɗa mata abin da zai ci, ta biya. Da ya sauke sai ya tarar ɓarnar ta wuce nan, haƙoran giyar kansu sun karye. Ya aika aka gaya mata. Mijinta ya ce ba su san wannan ba, lafiya suka kawo giyarsu, shi ya lalata don ya ci kuɗi. Washegari da hantsi suka zo da ɗan sanda. Na dawo daga makaranta na tarar Mama tsaye a ƙofar gida da takalmi wari-da-wari a ƙafarta, ba ta ma sani ba. Muka tafi ofishin 'yan sanda tare. Na hango Kawu a kan benci da rigar aikinsa, ya ajiye hannuwa a kan gwiwa kamar ba nasa ba. Sai la'asar dattawan ƙungiyar kanikawa suka zo aka sasanta: matar ta sayi rabin kaya, Kawu ya sayi rabi, kuɗin hannu kuwa ya tafi.

A hanyar dawowa, da muka kusa gida, sai ya juyo gare ni. Ya ce, "Matar nan ba ta yi laifi ba. Ni na faɗi abin da ban gani ba." Daga ranar, duk wanda ya ce masa, "Baba, nawa zai ci?" amsa ɗaya ce: "Ban buɗe ba, ban sani ba." Zai gaya maka kuɗin buɗewa kawai. In ya buɗe sai ya kira ka, ka zo ka tsuguna tare da shi ka ga cikin motarka, sa'an nan a yi magana. Wasu sun gudu saboda haka, don ba kowa ke da zuciyar barin motarsa a hannun wanda ya ƙi faɗin kuɗi ba.

Direban nan na Filato bai gudu ba, sai dai faɗa. Har yanzu ina jin muryarsa: "Baba, you wan kill me? Kashe ni za ka yi? Motar nan fa ita ce gonata!" Kawu kuma ya ce, "Gonar da ba ka zuba wa baƙin mai sai ta yi kuka." Wata shekara direban ya yi haɗari, ƙafarsa ta karye, gaban motar ya lotse. Matarsa tana da goyo. Kawu ya sa aka jawo motar, ya gyara ta da kayan da ya karɓo bashi a bakinsa, ya samo wani amintaccen direba ya ɗora a kai, kowace yamma ana kai wa matar abin da aka samu. Bai gaya wa kowa ba, mu ma a bakin matar muka ji. Ranar da direban ya fara takawa da sanda ya zo godiya, ya durƙusa yana hawaye, Kawu ya bari sai da ya gama, sa'an nan ya ce, "To madalla. Saura kuɗin hannuna." Ya kuwa karɓa cif, kaɗan-kaɗan, suna faɗa a kan kowane kashi.

To, cocinmu tana da tsohuwar bas wadda ke kai matan zumunta taro, ta kai mawaƙa biki, ta kai mu jana'iza. Da farkon daminar bana injinta ya fara ƙara yana shan baƙin mai. Kwamiti ya ce a kai wa Kawu, tunda ɗan ikilisiya ne. Ma'aji ya zo gareji da kansa. Ina nan ranar, na biyo daga makarantar da nake koyarwa.

"Suruki, ba ni ƙiyasi in kai wa jama'a."

"Ban buɗe ba, ban sani ba."

"Na san dokarka. Amma ni ba kuɗina ba ne. Ba zan tsaya gaban ikilisiya in ce su tara abin da ba shi da suna ba. Ko da kusa-kusa ne, faɗi."

Suka daɗe a haka. Ma'aji ya ce ai su ba baƙi ba ne, jika ɗaya suke goyo. Ya ce Fasto ma ya roƙa. Na ga Kawu ya dubi bas ɗin, ya dubi surukinsa, ya share hannu da tsumma ya sake sharewa. A ƙarshe ya ce in ƙananan kayan injin ne kaɗai, ringi da gasket, zai ci kaza. Ya nanata "in" ɗin nan har sau nawa. Amma ranar Lahadi da aka yi sanarwa, "in" ba ta hau bagade ba, kuɗin kawai aka faɗa. Mutane suka tara, har gwauraye masu sayar da ƙosai suka kawo nasu.

Da aka sauke injin sai ga kirankishaf, babban ƙarfen nan da ke juyawa a cikin ciki, duk ya ƙarje. Kawu ya ce sai an canza shi, abin da zai sa kuɗin ya ninka har ya ɗara. Ma'aji ya rikice. Ya ɗauko wani bakanike daga Sabon Tasha ya duba, wancan ya ce ba sai an canza ba, a kai wa masu gogewa su rage shi, a mayar, zai yi tafiya. Kafin mako ya zagayo magana ta bi gidaje.

Aka kira taron ikilisiya bayan sujada. Ma'aji ya miƙe ya ce, "An ba mu ƙiyasi, mun tara. Yau an ce ya ninka. Gobe me za a ce? Ni ne zan dubi idon matan nan." Ban ga laifinsa a wannan ba. Amma wani daga baya ya ce, "Kuɗin Allah ma ba a bari ba," wasu suka yi dariya, ma'aji kuma bai tsawata ba. Maimakon haka ya ce, in Kawu yana so a gane zuciyarsa ɗaya ce, to ya yafe kuɗin hannu, ya zama aikin Ubangiji.

Kawu ya miƙe a hankali, ya riƙe bayan bencin gabansa. Ya ce, "Tun kafin a yi wa ginin nan rufi nake ba da baiko a nan, ba wanda ya taɓa riƙe mini hannu ya sa a kwano. In na ga dama in ba da aikina, ni zan faɗa. Amma ku kira ni ɓarawo, sa'an nan ku ce in wanke kaina da gumina? Wannan ba bayarwa ba ce, ƙwace ne." Ya ɗauki hularsa ya fita. Mama ta bi shi. Matar Yaya ta kifa kai a cinya tana kuka, mahaifinta a gaba, surukinta a bakin ƙofa.

Bai sake zuwa coci ba. Ranar Lahadi sai ya yi wanka, ya sa farar kaftaninsa, ya zauna a tsakar gida da Littafi a cinya har a taso. Injin yana nan a gareji a ƙarƙashin tamfol, bas tana tsaye a kan duwatsu, ciyawa tana fitowa a ƙarƙashinta. Fasto ya zo gida ya roƙe shi ya goge ƙarfen kawai a huta. Kawu ya ce, "Fasto, matanmu ne za su hau motar nan su shiga daji. In ta buga a inda ba gari, sunan wa za a kira? Ƙarfen nan an taɓa goge shi a da, ya riga ya sirance. Ba da hannuna ba." Yaya ya gaya mini a gefe cewa shi a ganinsa ƙarfen zai iya ɗaukar gogewa ɗaya, amma wa zai faɗa wa tsohon? Duk daminar nan a tsorace muka yi ta. Ya rage cin abinci, yana yawan dafe ƙeya, in aka ce a je a auna jininsa sai ya yi faɗa. Matar Yaya ta daina zuwa gidan iyayenta, ta kuma kasa sakin jiki a namu.

Wata safiya ya ɗaga tamfol don ya shafa wa injin mai kada ya yi tsatsa, sai ya tafi luu ya faɗi a gefensa. Aka kai shi asibiti. Bai sake magana ba har Ubangiji ya karɓe shi.

Abin da ke cikin ran kowa ke nan sa'ad da ma'aji ya ratsa rumfa. Bai zauna ba, ya wuce ɗaki kai tsaye, ni kuma na ajiye tire na bi shi, don ina tsoron abin da zai faru. Ya cire takalmi, ya durƙusa gaban Mama da gwiwa biyu. Matan zumunta suka dakatar da waƙa. A karo na farko ranar nan Mama ta ɗaga ido ta dubi mutum.

"Suruki," ta ce, "ranar Asabar za a kai shi gida ƙauye. A motar coci za mu bi shi."

"Mama, motar ai..."

"Na san inda take. Ba za a rufe shi a ce ya tafi ya bar aikin mutane a buɗe ba. Ku kira mini ɗana."

Yaya ya shigo. Ya yi mata bayani cewa sabon ƙarfe ba ya samuwa a garin nan, sai an yi oda daga Legas, kuma ba zai iso kafin Asabar ba. Dattawan ƙauye sun riga sun tsayar da rana, an fara haƙa kabari. Hanya ɗaya ce ta rage, ita ce wadda Kawu ya ƙi. Mama ta ce, "Kai ne bakanike yanzu. Zai kai mu?" Yaya ya ce, "Ina zato." Ta ce, "To je ka."

Da muka fito ya kama hannuna a bayan ɗaki. Ya ce, "Abin da ya mutu yana ƙi, shi zan yi, kuma in ɗora uwata a ciki. In tsohon nan ya fi ni gaskiya fa?"

Waɗanda Kawu ya yaye, magidanta yanzu masu garejinsu, suka rufe shagunansu suka taru a ƙarƙashin mangwaro. Har wanda ya juya wa ma'aji baya yana ciki. Direban Filato ya ɗauki ƙarfen a motarsa ya kai wurin masu gogewa, ya tsaya a kansu har suka gama. Ma'aji kuma kullum sai ya zo ya zauna a kan tsohuwar taya da tsabtatacciyar rigarsa, ba mai kula shi, ba ya kuma tafiya. Ranar Juma'a da yamma aka murza makulli. Injin ya yi tari, ya yi tari, ya kama. Ba wanda ya yi tafi. Duk sun karkata kai suna sauraro.

Ma'aji ya kawo kuɗi a ambulan gida, ya ce kuɗin hannun da Kawu ya faɗa ne, cikakke, kwamiti ya amince. Yaya ya ce wallahi ba zai taɓa ba, yanzu da mai shi ya tafi? Mama ta miƙa hannu ta karɓa. Ta sa aka kira masu aikin, ta raba musu. Suka ƙi, suka ce ubansu suka yi wa. Ta ce, "Uban naku bai koya muku aikin banza ba. Ku karɓa ko in yi fushi." Suka karɓa da kai a ƙasa.

Asabar da safe muka kama hanyar Kachia. Motar asibiti mai ɗauke da akwatin gawa tana gaba, mu muna biye. An tanadar wa Mama ƙaramar mota, ta ƙi, ta hau bas ta zauna a bayan direba. Direban Filato ne a sitiyari. Yaya yana kusa da shi, bai ɗauke ido daga allurar zafi ba. Ma'aji yana can kujerar ƙarshe. Mata suka ɗauki waƙa, amma duk sa'ad da motar ta canza murya a kan tudu sai waƙar ta yi ƙasa. Ni kam ban bi waƙar ba. Kowace ƙara da na ji sai in dubi Yaya.

Mun yi nisa, gari ya ƙare, sai daji hagu da dama, irin wurin da direbobi ba sa son tsayawa ko taya ce ta fashe, don tsoron masu tare hanya. Nan Yaya ya ce, "Tsaya! Tsaya!" Tururi ya turnuƙe gaban mota. Direba ya gangara gefe ya kashe. Motar asibiti ba ta lura ba, ta sha kwana ta ɓace da Kawu.

Wata mata ta fara kiran sunan Yesu a hankali. Maza suka sauka suna leƙen daji. Waya ba sabis. Yaya ya buɗe murfin injin. Na san abin da yake tsoron gani. Ya leƙa, ya sake leƙawa, ya zura hannu, sai na ga kafaɗunsa sun sauka.

"Ba ƙarfen ba ne," ya ce. "Tiyon lagireto ne ya kuɓuce. Ruwa ya zube."

Ɗaure tiyo bai ɗau lokaci ba, amma ba ruwan zubawa, jarkar da aka cika an manta ta a gareji. Sai ma'aji ya taso daga baya rungume da buhun ruwan leda da aka ɗauko don masu makoki. Ya tsaya a gaban mota da farin leshinsa, ya fasa leda da haƙori ya miƙa wa Yaya. Mata suka sauko suka jeru, kowace tana fasawa tana miƙawa, ruwa yana bin hannuwansu har gwiwa, idanunmu kuwa a kan hanya.

Muna cikin haka muka ji ƙarar mota daga gaba. Kowa ya juya yana kallon kwanar. Sai ga motar asibiti ta dawo, ta juya ta tsaya daidai gaban bas. Direbanta ya ce ya duba madubi bai ga kowa ba, shi ne ya juyo.

Mama ta sauko a hankali. Ta taka har bayan motar asibiti, ta ɗora hannu a kan gilashi tana kallon akwatin.

"Ka dawo duba aikinsu ke nan?" ta ce. "Tiyo ne kawai. Ɗanka ya ɗaure. Ka kwanta, Baban yara, ka huta hakanan."

Wani ya yi dariya, dariyar ta karye ta zama kuka. Sai a nan Mama ta yi nata, a tsaye a bakin titi, irin kukan da ke fitowa daga ƙasan ciki. Yaya ya riƙe ta gefe guda, matarsa gefe guda. Ma'aji yana tsaye da ledar ruwa a hannu, hawaye suna sauka a kan leshinsa, ba wanda ya ce masa ya matsa.

Muka isa ƙauye rana tana tsaka. Aka sa Kawu kusa da mahaifinsa, a gefen gonar citta. Bas ta dawo da mu Kaduna lafiya. Har yau tana tafiya, amma Yaya ya tsaya gaban kwamiti ya ce kada a yi doguwar hanya da ita sai an sayi sabon ƙarfe, domin shi kansa bai san ranar da wannan zai gaji ba. Wannan karon ba wanda ya yi dariya. An fara tarawa.

Kawu, ka riƙe ni lokacin da ba ni da uba, ka sa ni a makaranta da hannuwan da sabulu bai taɓa wanke su tas ba. Ubangiji da ka yi wa sujada a coci da tsakar gida ya karɓe ka, ya ba Mama ƙarfin zama ba kai, ya kuma riƙe hannun Yaya. Amin.